Ɗalibina ya ce da babu shi da kowa ya huta, ni kuma haƙuri kawai na ba shi

Malamar Lissafi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Kwana uku ke nan wani abu yana cin raina. Shekarata 11 ina koyarwa a jami'a. Ranar Litinin na tsayar da wani ɗalibina na aji uku bayan lakca, yaro mai ƙoƙari da ya fara ja da baya tun zangon da ya wuce. Na tambaye shi abin da ya hana shi kawo aikinsa. Ya yi shiru, can sai ya ce, "Malama, ni fa na gaji. Da babu ni da kowa ya huta." Gabana ya faɗi. Na ce masa ya yi haƙuri, komai mai wucewa ne, ya riƙe addu'a, ya tuna da iyayensa. Ya ce to, ya gode, ya fita. Jiya ya zo aji ya zauna can baya, ko kallona bai yi ba. Jikina yana ba ni cewa ya buɗe mini ƙofa ne ni kuma na mayar na rufe. Don Allah masu sani, me ya kamata in yi?

Baban Yara:
Wa'alaikumus salam Malama. Ni a ganina ba ki yi laifi ba. Gara da ba ki ambaci kalmar ba ma. Yaro yana cikin damuwa, ki ce masa "ko kana tunanin kashe kanka?" ai kin saka masa abin da babu a ransa. Ki sa masa ido daga nesa. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Mai Ba Ɗalibai Shawara:
Baba, da girmamawa, a nan kam baki ake tambaya, don fuska tana ɓoyewa. Da yawa daga waɗanda suka zauna a gabana da wannan tunani suna shigowa ne da murmushi.

Tsoron nan da ka faɗa an gwada shi. A 2005 Madelyn Gould ta Jami'ar Kolumbiya a Amurka ta wallafa bincike a kan ɗaliban sakandare fiye da 2,000. An yi wa wasu tambaya kai tsaye a kan tunanin kashe kai, wasu ba a yi musu ba. Waɗanda aka tambaya ba su ƙara shiga damuwa ba, tunanin bai ƙaru a cikinsu ba, har ma waɗanda suke cikin haɗari aka ga alamar sun ɗan sami sauƙi. Tambaya ba ta dasa komai. Abin da take yi shi ne ta shaida wa mutum cewa wannan da ke gabana zai iya jin maganar bai gudu ba.

Malama, ki neme shi yau, kada ki bari sai gobe. Ki same shi inda babu mutane, ki maimaita masa kalmarsa: "Ka ce mini da babu kai da kowa ya huta, maganar ta tsaya mini a rai. Kana tunanin kashe kanka ne?" Sai ki yi shiru ki saurara. In ya ce e, ki tambaye shi ko ya tsara yadda zai yi, ko ya tanadi wani abu, ko ya taɓa gwadawa. In da shiri a ƙasa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Malamar Lissafi:
Yaya, wallahi ko a rubuce da na karanta tambayar sai da jikina ya yi sanyi. In ya ce e fa? Ni lissafi na karanta.

Mai Ba Ɗalibai Shawara:
Ba a ce ki yi masa jinya ba, ƙanwata. Ki ji, ki gaskata shi, ki raka shi wurin wanda ya iya. Rakiyar ita ce mutane suke mantawa. "Ka je ka ga masu ba da shawara" daban, "tashi mu je tare" daban.

Kuma kalmar da ya faɗa ba ta banza ba ce. Thomas Joiner, masanin halayyar ɗan'adam wanda shi ma mahaifinsa ya rasu ta wannan hanya, ya ce abu biyu ne in suka haɗu suke haifar da sha'awar mutuwa: mutum ya ji shi ba na kowa ba ne, kuma ya ji ya zama kaya a wuyan mutane. Na biyun ne yaronki ya furta. Shi ya sa "ka tuna da iyayenka" kan iya zama gishiri a kan gyambo, don a lissafinsa iyayen ne yake son ya sauke wa nauyi. Na san da kyakkyawar niyya kika faɗa.

Tsohon Shugaban Ɗalibai:
Ni fa ku yi haƙuri, duk wannan maganar jinyar baki ban gamsu da ita ba. Na yi shugabancin ɗalibai, na san abin da ke kai yara bango. Kuɗin makaranta, faɗuwa jarrabawa bayan gida an sayar da abin da aka mallaka, malamin da ya riƙe sakamakon mutum shekara guda, yarinyar da ake matsa wa kafin ta ci kwas. Ka zaunar da mai wannan matsala ka ce ya gyara tunaninsa? Tunaninsa lafiya lau. Halin da yake ciki ne ba lafiya.

Likita:
Shugaba, rabin maganarka na karɓa hannu biyu. Amma dubi wannan. A aji guda mutum hamsin za su iya faɗuwa kwas ɗaya, dukansu ransu ya ɓaci, amma ɗaya ne zai ga cewa mutuwa ce kaɗai ƙofar da ta rage. A wannan lokacin tunani yana ƙuntata kamar mai leƙe ta bututu, duk sauran hanyoyi su ɓace masa. Jinyar a nan take aiki.

Ga misali. Gregory Brown da Aaron Beck a Jami'ar Fensilbaniya sun ɗauki manya 120 da ba su daɗe da yunƙurin kashe kansu ba. Rabi aka ba su zama kusan 10 na jinyar gyaran tunani da ɗabi'a, rabi suka ci gaba da kulawar da aka saba. Bayan wata 18, kashi 24 cikin 100 na rukunin farko ne suka sake yunƙuri, a ɗayan rukunin kuwa kashi 42. An wallafa a 2005. Kuma ba cewa ake yi "ka daina baƙin ciki" ba. Ana bin ranar da abin ya faru daki-daki: me ya fara faruwa, me ka faɗa wa kanka, me ka ji a jikinka, a wace gaɓa ce da an sami wani abu da ka tsaya. Daga nan a gina abin da za a yi in ranar ta sake dawowa, har a sa mutum ya bi ta a zuci yana amfani da dabarun.

Babban darasin da muka koya shi ne, tunanin kashe kai ana tunkararsa shi kansa. A da sai a ce a yi maganin ciwon damuwa, sauran zai bi. Ba koyaushe yake bi ba.

Tsohon Shugaban Ɗalibai:
To kuɗin makarantar fa, Likita?

Mai Ba Ɗalibai Shawara:
Bari in amsa, don wannan aikina ne na kullum. Akwai wani salo da David Jobes, masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, ya gina, kuma daga cibiyar ba ɗaliban jami'a shawara ya faro. Mai jinya yakan taso daga bayan tebur ya zauna gefen ɗalibi, su cike takarda tare. Tambayar da ke tsakiya ita ce: mene ne ainihin abin da yake sa ka son mutuwa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ya ce bashi ne, to bashin ya shiga tsarin jinya. Na sha ɗaukar ɗalibi in kai shi ofishin harkokin ɗalibai a nemi a ɗaga masa wa'adin biya, ko in rubuta wa sashensa a duba batun sakamakonsa. Mai ba da shawarar da ba ya barin kujerarsa, rabin aiki yake yi. Inda na saɓa da kai, Shugaba, shi ne ba za mu jira a gyara duniya ba kafin mu riƙe wanda zai iya tafiya a daren yau.

Ɗalibar Aji Huɗu:
Na daɗe ina karantawa ina sharewa. Bari dai in faɗa. Ni na bi ta wannan hanya a aji biyu.

Karo na farko da na faɗa wa wani jami'i, abin da aka yi shi ne aka ba ni takarda in sa hannu cewa na yi alkawari ba zan cutar da kaina ba, aka kira gida ba tare da an gaya mini ba, aka ce in je in huta zango guda. Na fahimci saƙon sarai: kada abin ya faru a harabarsu. Na koma gida na rasa ƙawayena da karatuna, abu biyun da suke tayar da ni da safe. Na rantse ba zan ƙara faɗa wa kowa ba.

Da na dawo, wata ma'aikaciya a asibiti ta yi da ni wani abu dabam. Ta ce mu rubuta takardar tsira. Da hannuna na rubuta. Farko alamun da nake gane cewa duhun ya taso: in kwana biyu ban yi barci ba, in fara goge saƙonni, in ji kowa ya gaji da ni. Sai abin da zan iya yi ni kaɗai na minti talatin, kamar wanke fuska da ruwan sanyi da fita in taka. Sai wuraren da zan je in zauna cikin mutane ko ba zan yi magana ba, ni ɗakin karatu na rubuta. Sai mutum biyu da zan iya ce wa "yau ba ni da lafiya" su gane nufina. Sai lambar asibiti. Na ƙarshe shi ya fi mini wuya: ta tambaye ni abin da na tanada, muka yarda in miƙa wa ƙawata ta fitar da shi daga ɗakin.

Sau uku na buɗe takardar nan da tsakar dare. A irin lokacin ƙwaƙwalwa ba ta iya ƙirƙiro komai, amma tana iya karanta abin da ta rubuta ranar da take da lafiya. Yanzu ina rubuta aikin kammalawa.

Baban Yara:
Allah ya ƙara miki lafiya, 'yata. Na janye maganata ta farko. Da 'yata ce ta cikina, da na fi so a tambaye ta.

Likita:
Na gode da wannan ƙarfin hali, ƙanwata. Kin bayyana abin fiye da yadda zan iya. Takardar alkawarin da aka fara ba ki, babu wata hujja da ta nuna tana hana komai, kuma masana sun daɗe da barinta. Tana faɗa wa mutum abin da ba zai yi ba, ba ta faɗa masa abin da zai yi. Ta biyun kuwa aikin Barbara Stanley da Gregory Brown ne, mataki shida, ana gamawa cikin minti 20 zuwa 45. A binciken da suka wallafa a 2018 a kan tsofaffin sojojin Amurka 1,640 da suka zo sashen gaggawa, waɗanda aka yi wa takardar aka kuma bi su da kiran waya sun sami raguwar yunƙuri da kashi 45 cikin 100 a wata shida. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ne duk hikimar.

Matakin ƙarshen nan kada a raina shi. Tsananin yakan zo ya wuce, wani lokaci tsakanin yanke shawara da aikatawa mintuna ne kawai. In abin ba ya kusa, lokaci ya shiga tsakani. Siri Lanka ta haramta magungunan ƙwari mafiya guba, an ƙiyasta hakan ya ceci rai kusan 93,000 tsakanin 1995 da 2015. Kuma kusan tara cikin goma na waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba ta wannan hanya suke mutuwa daga baya ba.

Ruwan sanyin da kika ambata ma yana cikin dabarun jinyar Marsha Linehan ta Jami'ar Washinton, wadda take koyar da jure zafin rai da sarrafa shi ba tare da cutar da kai ba. Ita kanta ta bayyana a 2011 cewa ta yi fama da wannan hali tana budurwa. An gwada salon nata a kan ɗalibai 63 na wata jami'a a jihar Nebada ta Amurka, aka wallafa a 2012, ya fi kulawar da aka saba rage tunanin. Matsalarsa tsada da tsawo: watanni ake yi, da zaman ɗaiɗai da na rukuni.

Ɗalibin Ilimi:
Ina ta jira wani ya ce rashin imani ne, tunda ba a faɗa a nan ba na san ana faɗa a waje. Addini ya haramta kashe kai, wannan babu ja. Kuma imani da zama cikin jama'ar ibada suna riƙe mutane da yawa. Amma haramcin aiki daban, wulaƙanta wanda tunanin ya addaba daban. Wanda ya zo ya ce zuciyata tana raya mini kaza, taimako ya zo nema. In muka tarbe shi da wuta da azaba, gobe ba zai dawo ba. Mai ciwon suga ba a ce masa imaninsa ne ya yi rauni. Ni dai in ɗalibi ya zo mini, addu'a muke yi tare, sannan in tambaye shi yaushe za mu ga likita.

Uwar Biyu:
Ni wani abu ne ya tsaya mini. 'Yata, kin ce an kira gida ba da saninki ba, kin ji zafi. Amma ni uwa ce. Ɗana yana can nesa, a ce yana cikin wannan hali kuma a ɓoye mini saboda wai sirri? Ba zan yafe ba.

Ɗalibar Aji Huɗu:
Mama, ban ce kada a faɗa ba. Da an zaunar da ni an ce "ranki yana cikin haɗari, dole wani naki ya sani, wa kike so mu fara kira, kuma me za mu ce?" da na zaɓi yayata, da ita za ta san yadda za ta shigar da maganar. A bayan idona aka yi, kamar wadda aka kama da laifi.

Mai Ba Ɗalibai Shawara:
Haka ƙa'idar take. Sirri yana da iyaka, kuma iyakarsa rai. Amma tun zaman farko ake faɗa wa ɗalibi wannan, in ranar ta zo kuma tare ake yi. Hajiya, akwai gidajen da su ne tushen ciwon, shi ya sa ake tambayar yaro wa ya aminta da shi. Malama, ke ma kada ki yi masa alkawarin ba za ki faɗa wa kowa ba.

Tsohon Shugaban Ɗalibai:
To na ji. Amma jami'a mai ɗalibai dubu talatin da masu ba da shawara biyu fa? Ni da cewa zan yi a shirya babban taron wayar da kai kowace 10 ga Satumba, tunda ita ce ranar yaƙi da kashe kai ta duniya.

Likita:
A yi taron, amma kada a ɗauka an gama. Girman abin ya wuce taro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 720,000 ne suke mutuwa ta haka a shekara, kuma shi ne sanadi na uku na mutuwar 'yan shekara 15 zuwa 29. Wani bincike na 2018 a kan 'yan aji ɗaya kusan 14,000 a jami'o'i 19 na ƙasashe 8, ciki har da Afirka ta Kudu da Meziko da Jamus, ya gano kusan ɗaya cikin uku ya taɓa yin tunanin, kashi 4 cikin 100 sun taɓa yunƙuri. Yawancinsu tun kafin su shigo jami'a abin ya fara.

Akwai wani gwaji da ya ba ni mamaki. A Turai an ɗauki 'yan sakandare 11,110 a makarantu 168 na ƙasashe 10, aka wallafa a 2015. Wasu makarantu aka horar da malamai su gane alamu, wasu aka tantance yara da takardar tambayoyi, wasu kuma aka zauna da yaran kansu na awa biyar kacal, suna kwaikwayon yanayi suna tattauna me za ka yi in kai ne, me za ka yi in abokinka ne. Bayan shekara, na ukun ne kaɗai ya nuna tasiri a fili, ya rage yunƙuri da kusan rabi. 'Yan sakandare ne, ba zan ce haka zai fito daidai a jami'a ba. Amma dalilin a bayyane yake: wanda ke kwana ɗaki ɗaya da kai shi yake fara ji, ba shugaban sashe ba.

Batun ƙarancin ma'aikata kuma, wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, a Zimbabuwe ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci da masu damuwa, zama shida na warware matsala mataki-mataki, kuma gwajin 2016 ya nuna ya yi aiki. Ana iya horar da wanda ba likita ba, muddin akwai ƙwararre a bayansa da zai miƙa wa mai tsanani.

Abu ɗaya game da taro: kada a kawo labarin yadda wani ya yi, ko hotonsa, ko wasiƙarsa. Yana jawo kwaikwayo. A kawo masu irin labarin ƙanwarmu.

Malamar Lissafi:
Na dawo. Na sa wakilin ajinsu ya kira mini shi, muka zauna a ofis. Na tambaye shi kamar yadda Yaya ta ce, muryata tana rawa. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce e, wata biyu ke nan. Ya ce bai tsara komai ba, bai taɓa gwadawa ba. Ya yi kuka, ni ma na yi. Na taka da shi har asibitin makaranta, likita ta gan shi, ta ba shi ranar Alhamis ƙarfe 10 ya dawo. Ya yarda a kira kawunsa, a gabana ya kira. Yanzu tsorona kada Alhamis ta zo ya ƙi zuwa.

Mai Ba Ɗalibai Shawara:
Alhamdu lillahi. Tsoronki a kan hanya yake, da yawa ba sa komawa, kuma kwanakin farkon nan ne ake so a fi kula. Wani likita a San Faransisko, Jerome Motto, ya bi mutum 843 masu ciwon damuwa ko tunanin kashe kai da aka sallama daga asibiti suka ƙi ci gaba da jinya. Rabi ya riƙa aika musu gajeriyar wasiƙa, sau 24 cikin shekara 5, ba nasiha ba umarni, kawai muna fatan kana lafiya, in kana son rubuto mana za mu ji daɗi. A shekara biyun farko kashe kai ya fi ƙaranci a cikin waɗanda suke samun wasiƙar. Ki aika masa saƙo gobe, layi biyu, kada ki haɗa da maganar aikin da bai kawo ba. Ki tambayi likitar ko sun rubuta takardar tsira, in ba su yi ba ki roƙa a yi ranar Alhamis. Ke ma ki sami wanda za ki yi magana da shi, abin da kika ɗauka yau ba ƙarami ba ne.

Ɗalibar Aji Huɗu:
Malama, kuma in ya shigo aji ki gaishe shi yadda kika saba, ki jefa masa tambaya a allo kamar kowa. Abin da na fi tsoro bayan na faɗa shi ne a riƙa kallona kamar ƙwai.

Malamar Lissafi:
Na ji, 'yata. Ga abin da na rubuta, ku duba mini kafin in tura da safe: "Barka da asuba. Na ji daɗi da ka faɗa mini gaskiya jiya. Ba ni da lakca ranar Alhamis da safe, zan jira ka a ƙofar sashe ƙarfe 9 da rabi mu tafi tare."

Mai Ba Ɗalibai Shawara:
Tura shi haka, kada ki ƙara komai.